SHA'ANIN AIKI DA MA'AIKATA: An Karɓi Kuɗin Udoji, An Bar Aikin Udoji

Har yau akwai dattawa a garuruwan ƙasar nan waɗanda in suna lissafin shekarun 'ya'yansu sai a ji sun ce an haifi wane shekarar Udoji, kamar dai yadda mutanen dā kan yi lissafi da shekarar fāri ko shekarar zuwan Sarauniya. In aka tambayi irin wannan dattijo ko mene ne Udoji, ba zai yi wata-wata ba zai ce kuɗi ne. Zai ba da labarin yadda masinja ya wayi gari da rediyo mai kaset, akawu ya hau sabon babur, malamin makaranta ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, wani kuma ya ƙaro mata ta biyu. Sunan mutum ya zama sunan garaɓasa, har ya kai duk wanda kuɗi suka faɗo wa ba zato sai a ce ya sami Udojinsa.

Amma ɗalibin da ke karatun sha'anin mulki a Kongo ta Zariya, ko a wata kwalejin kimiyya da fasaha, wani Udojin dabam yake haɗuwa da shi a takardar jarrabawa. Shi ana koya masa cewa rahoton Udoji na cikin manyan yunƙurin da aka taɓa yi na gyara yadda ake gudanar da aikin gwamnati a Nijeriya, kuma maganar albashi ɓangare guda ce kawai a cikinsa. Dattijon da ɗalibin duk gaskiya suke faɗi. Abin da ya raba su shi ne rahoton kashi biyu ne: an zartar da kashin kuɗin cikin 'yan watanni, kashin aikin kuwa aka bar shi a kabad. Tun da yake duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarin albashi irin wannan kuskure ake komawa a yi, ya kamata a sake duba abin da ya faru, da kuma abin da ilmin sarrafa ma'aikata ya ce a kansa.

YADDA AKA KAFA HUKUMAR

Ba Udoji ne farkon wanda aka ɗora wa duba albashin ma'aikata ba. Tun zamanin Turawa an yi hukumar Harragin a 1946, wadda ta raba ma'aikata manya da ƙanana, aka yi ta Gorsuch a tsakiyar shekarun 1950, sai ta Mbanefo a 1959. Bayan samun mulkin kai aka kafa ta Morgan, wadda jinkirin bayyana matsayin gwamnati a kan rahotonta ya jawo babban yajin aikin nan na gama-gari a watan Yuni na 1964. Da aka gama yaƙin basasa kuma sai hukumar Cif Simeon Adebo ta zauna a 1970 zuwa 1971. Adebo ya ba da ƙarin kuɗi, amma ya ja kunnen gwamnati cewa ciwon ya wuce na albashi, akwai bukatar a duba tsarin aikin kansa tun daga tushe.

Wannan shawara ce ta sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar binciken aikin gwamnati a watan Satumba na 1972, ta kuma damƙa shugabancinta ga Cif Jerome Udoji. Mutumin ba baƙon ofis ba ne. Lauya ne da ya yi karatu a Ingila, ya yi aikin mulki a ƙarƙashin Turawa, ya kai har shugaban ma'aikatan Jihar Gabas kafin juyin mulkin 1966, daga baya kuma ya yi aikin ba da shawara kan gyaran ma'aikatu a wasu ƙasashen Afirka ta gabas. Aikin da aka ba hukumarsa ya haɗa da duba tsarin ma'aikatu da yadda ake tafiyar da su, da hanyar ɗaukar ma'aikata da horar da su, da sake auna kowane muƙami a san nauyinsa da albashin da ya dace da shi. Shekara biyu aka yi ana wannan aiki, aka miƙa rahoto a watan Satumba na 1974.

Lokacin da rahoton ya iso, baitulmali cike yake. Farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974. A ranar 1 ga Oktoba 1974 kuma Janar Gowon ya shaida wa jama'a cewa alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976 ba mai yiwuwa ba ne. Masu nazari da yawa suna ganin waɗannan abubuwa biyu, watau yalwar kuɗi da bukatar lallashin jama'a, su suka yanke wa rahoton hukuncin da ya same shi.

ABIN DA RAHOTON YA ƘUNSA

Babban abin da Udoji ya gano shi ne ma'aikatun da aka gada daga Turawa an gina su ne don kiyaye doka da karɓar haraji, ba don gina hanyoyi da asibitoci da masana'antu ba. Ma'aikaci nagari a wancan tsari shi ne wanda ya bi ƙa'ida, ya rubuta ra'ayinsa a fayil, ya tura wa na gaba da shi. Ko aikin ya kammala ko bai kammala ba, wannan ba laifin kowa ba ne muddin takarda ta bi hanyarta. Sai hukumar ta ce a sauya ma'auni: a daina tambayar ma'aikaci ko ya bi hanya kawai, a riƙa tambayarsa me ya gama.

Don cim ma haka ta kawo dabaru uku da ake yayi a duniya a wancan zamani. Ta farko ita ce gudanar da aiki bisa manufa, dabarar da masanin nan Peter Drucker ya bayyana a littafinsa na 1954. Ta biyu ita ce tsara kasafin kuɗi bisa ayyukan da za a yi da sakamakon da ake sa rai, maimakon a ɗauko kasafin bara a yi masa 'yar ƙari. Ta uku ita ce a riƙa ba kowane babban aiki shugaba guda, da wa'adi, da kuɗinsa, yadda in abu ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Dabara ta farko ita ce uwa, kuma ba ta da wuyar fahimta in aka cire mata rigar Turanci. A ɗauki misalin makarantar firamare. A farkon shekara hedimasta zai zauna da malamin aji uku, su duba yara tare. A ce yara sittin ne, goma sha biyar ne kaɗai ke iya karanta jimla. Sai su yi yarjejeniya cewa kafin ƙarshen shekara ana son arba'in su iya. Malamin ya faɗi abin da yake bukata, ko alli ne, ko littattafai, ko a rage masa wani aikin. Hedimasta ya ɗauki alkawarin abin da zai iya samarwa. A rubuta, kowa ya riƙe kofi. Duk ƙarshen zango a zauna a ga inda aka kwana. Ran da shekara ta ƙare babu sauran gardama, gama yaran suna nan, littafi yana nan, sai a kira su su karanta. Abin lura a nan shi ne ba daga sama aka jefo wa malamin adadin ba, da bakinsa aka tsayar da shi, kuma alkawarin ya hau kan shugaba kamar yadda ya hau kan na ƙasa.

Daga nan ne shawara ta gaba ta fito, watau a soke rahoton asiri. A tsohon tsari shugaba kan rubuta ra'ayinsa a kan ma'aikaci a rufe a ambulan, mai abin bai san me aka ce a kansa ba, sai dai ya ga shekaru suna wucewa ana tsallake shi wajen ƙarin girma. Udoji ya ce a mai da rahoton na fili: ma'aikaci ya faɗi abin da ya yi a shekara, shugaba ya ba shi maki, ya nuna masa, in bai yarda ba ya rubuta dalilinsa. Ya kuma ce ƙarin girma ya dogara ga ƙwazo, ba ga daɗewa kaɗai ba, kuma a buɗe wa injiniya da likita da masanin gona hanyar kaiwa ƙololuwar ma'aikata, kada kujerar babban sakatare ta zama gadon jami'an mulki su kaɗai.

A ƙarshe sai maganar albashi. Hukumar ta tattara tulin ma'aunan albashi da ake da su ta mai da su tsani guda mai matakai 17, wanda ake amfani da shi har yau a ma'aikatun gwamnati. Hikimar ita ce aiki mai nauyi ɗaya ya sami lada ɗaya ko a wace ma'aikata ake yinsa. Ƙarin kuɗin kuwa an yi nufin ya zama abokin tafiyar sabon tsarin ne, watau a biya ma'aikaci da kyau sa'an nan a sami bakin tambayarsa aiki.

ABIN DA AKA ƊAUKA

A watan Disamba na 1974 gwamnati ta bayyana matsayinta. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, watau daga naira 26 zuwa naira 60 a wata. Bugu da ƙari aka ce ƙarin ya fara aiki tun daga 1 ga Afrilu 1974, saboda haka za a biya ariyas na wata tara. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: bambancin naira 34 sau tara ya kama naira 306. Ke nan lebura ya karɓi kusan albashinsa na shekara guda a tsohon lissafi, a dunƙule, rana ɗaya. Na sama da shi kuwa abin da suka kwasa ya ninka wannan sau da yawa.

Kuɗi sun ƙaru a aljihu, amma buhunan gero da ke kasuwa ba su ƙaru ba, haka gidajen haya da yadudduka. 'Yan kasuwa su ma suna sauraron rediyo, ba su jira an biya ba suka yi wa kayansu nasu Udojin. Hauhawar farashi, wadda ba ta kai kashi 13 cikin ɗari ba a 1974, ta kai wajen kashi 34 cikin ɗari a 1975. Manomi da makiyayi da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, ba su ga ariyas ba, amma tsadar ba ta tsallake ƙofarsu ba. Samari da yawa suka ajiye fartanya suka nufi birni neman aikin albashi.

Wani abin mamaki shi ne ko waɗanda aka yi wa ƙarin ba su yi shiru ba. Farkon 1975 cike yake da yaje-yajen aiki. Ma'aikatan kamfanoni da bankuna suka ce sai an yi musu irin na gwamnati. Likitoci da injiniyoyi da sauran ƙwararru suka ce an ajiye su a matakin da bai kai darajarsu ba in aka gwada su da jami'an mulki. Koke-koke suka yi yawa har sai da gwamnati ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Akintola Williams don sauraronsu. Malaman jami'a ba su daina ƙorafin cusa su cikin tsani ɗaya da sauran ma'aikata ba, sai da hukumar Cookey ta 1981 ta fitar musu da nasu ma'aunin.

Yaya mutum zai sami ƙarin da bai taɓa mafarki ba, kuma ya fita yajin aiki? Wani masani Ba'amurke mai suna Stacy Adams ya riga ya ba da amsa tun 1963. Ya ce ma'aikaci ba ya auna albashinsa da na jiya kawai, yana auna shi ne da na maƙwabcinsa. Yakan dubi wahalar da ya sha da abin da ya samu, ya dubi wahalar wane da abin da wane ya samu. In ya ga an fifita wanda bai kai shi ba, to, ko an ninka masa albashi zuciyarsa ba za ta kwanta ba, kuma yakan rama ne ta hanyar rage ƙwazo. Duk macen da ta zauna da kishiya ta san wannan karatu ba tare da ta shiga aji ba.

ALBASHI DA ƘWAZO

A nan ne ya kamata a kawo binciken da kowane ɗalibin sarrafa ma'aikata ke haddacewa. A ƙarshen shekarun 1950 Frederick Herzberg da abokan aikinsa biyu suka yi hira da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin birnin Pittsburgh na Amurka. Tambayar mai sauƙi ce: kowa ya ba da labarin lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai, da lokacin da ya ji ya tsane shi. Da aka baje amsoshin, aka buga sakamakon a 1959, sai aka ga abin da ba a zata ba. Abubuwan da ke sa mutum jin daɗin aiki dabam suke da abubuwan da ke sa shi ƙin aiki.

In mutane suna ba da labarin ɓacin rai, sai su ambaci dokokin kamfani marasa kan gado, da shugaba mai tsangwama, da wurin aiki mara kyau, da rashin jituwa da abokan aiki, da albashi. In kuwa suna ba da labarin farin ciki, sai su ambaci ranar da suka gama wani aiki mai wuya, da ranar da aka yaba musu, da ranar da aka damƙa musu amana aka ce su yanke shawara da kansu, da samun ci gaba. Herzberg ya kwatanta kashi na farko da tsabta. Share gida da tace ruwan sha suna hana cuta, amma ba su ne ke sa mutum ƙarfi ba. Haka albashi: ƙarancinsa na kawo gunaguni, gyara shi na kawar da gunagunin, amma ba shi ke sa akawu ya ɗauko fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan teburinsa ba.

Wannan nazari yana da masu suka, kuma sukarsu abin saurare ce. Sun ce ɗabi'ar ɗan Adam ce in abu ya yi kyau ya ce shi ya yi, in ya ɓaci ya ce laifin shugaba ne ko na albashi, saboda haka yadda aka yi tambayar shi ya haifi amsar. Sun kuma ce injiniyan Amurka da ya ƙoshi ba ɗaya yake da leburan da bai san abin da iyalinsa za su ci da dare ba. Wannan gaskiya ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tarihi ma ya nuna kuɗi na aiki. A 1913 ma'aikata suna gudun masana'antar motoci ta Henry Ford har sai da ya zama kowane gurbi sai an cike shi fiye da sau uku a shekara. A watan Janairu na 1914 ya mai da ladan yini dala 5, fiye da ninkin abin da yake biya dā, gudun ya tsaya cak.

Amma a duba da kyau abin da kuɗin Ford suka saya. Sun sayi zaman ma'aikaci a wurin aiki. Aikin kansa kuwa an riga an tsara shi, kowa ya san abin da zai ɗaura, kuma ana ƙirga motocin da suka fito kowace yamma. Ford ya zuba kuɗinsa ne a kan tsarin da ke auna sakamako. A Nijeriya ta 1975 an zuba kuɗin, aka ajiye ma'aunin. Wanda ya yi aiki da wanda ya yi barci ariyas ɗaya suka karɓa in matakinsu ɗaya ne. Ba Herzberg kaɗai ba, ko mai gonar da ke ɗaukar 'yan ƙwadago ya san abin da zai biyo baya in ya biya kowa daidai ba tare da ya zaga ya ga kunyar da kowa ya nome ba.

GUGUWAR 1975

Kafin a ce za a waiwayi sauran rahoton sai ƙasa ta juya. Tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da jirage fiye da 400, yawancinsu ɗauke da sumuntin da aka yi oda ba lissafi, ana biyan tarar jira kowace rana. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ciwon da Udoji ya gano na rashin tsari da rashin mai ɗaukar alhaki gaskiya ne. A ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Janar Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, daga manyan sakatarori da alƙalai har zuwa masinjoji, bisa zargin cin hanci, ko lalaci, ko tsufa, ko rashin lafiya. Da yawa a rediyo suka ji sunansu.

Jama'a sun yi murna a lokacin, kuma babu shakka akwai ɓata-gari cikin waɗanda aka kora. Sai dai da yake ba a riga an kafa ma'aunin da Udoji ya nema ba, babu wata rubutacciyar shaida da za a raba mai ƙwazo da malalaci da ita. Aka dogara ga abin da shugabanni suka faɗa, da takardun ƙara, wani lokaci da gaba ta tsakanin mutum da mutum. Guguwar ta kwashi na kirki tare da na banza. Waɗanda suka tsira kuma suka koyi darasi biyu masu muni. Na farko, kada ka sa hannu a kan abin da za a iya tambayarka gobe, tura fayil sama. Na biyu, kujera ba ta da tabbas, fansho ma haka, saboda haka ka tanadi abin da za ka ci tun kana kai. Rahoton da ya so a ba ma'aikaci amana ya yanke shawara, sai ga shi an wayi gari ma'aikaci na tsoron inuwarsa.

Abin da ya tsira daga kashin aikin shi ne fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara, shi ma gangar jikinsa ce ta tsira, ran ya fita. Da yake ba a zauna a farkon shekara an tsayar da abin da za a yi ba, babu abin da za a auna a ƙarshenta. Da yake kuma shugaba zai haɗa ido da ma'aikacinsa, ga zumunci, ga kunya, ga tsoron a ce ya hana ɗan wani ci gaba, sai kusan kowa ya zama fitacce a takarda. Ma'aikatar da jama'a ke kuka da ita, in aka buɗe fayilolin ma'aikatanta sai a tarar duk gwanaye ne. An sake yunƙurin gyara a 1988 da doka mai lamba 43, wadda ta mai da manyan sakatarori manyan daraktoci, kwamitin Allison Ayida da aka kafa a 1994 ya ba da shawarar a koma gidan jiya, aka koma.

ABIN DA YA RAGE A YI

Tun daga wancan lokaci maganar ba ta sauya ba, adadin ne kawai ke sauyawa. A 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata. A 2011 ya zama naira 18,000, a 2019 naira 30,000, a watan Yuli na 2024 kuma naira 70,000. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200 a canjin wancan lokaci. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba ran da aka sa wa dokar hannu, kuma a wannan shekarar hauhawar farashi ta sake haura kashi 34 cikin ɗari, kamar dai an dawo 1975. Ma'aikacin da ya ce albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba ƙarya yake yi ba, kuma babu wani nazarin masana da zai zama hujjar hana shi hakkinsa, balle a riƙe masa albashi wata da watanni.

Amma in an biya, kada a sake yin tuya a manta da albasa. Kashin Udoji da aka bari ba ya bukatar rijiyar mai, ba ya ma bukatar sai an jira umarni daga Abuja. Shugaban sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma, da babbar ma'aikaciyar jinya a asibiti, da hedimasta, da manajan kamfanin da ke da ma'aikata goma, kowannensu na iya kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekara, su tsayar da abu uku ko huɗu da za a gama, masu ƙirguwa, a rubuta. Yana iya sakar wa na ƙasa da shi ikon yanke ƙananan shawarwari, ya kuma tsaya masa in ya yi kuskuren da ba na ha'inci ba. Yana iya kiran sunan wanda ya yi abin kirki a gaban 'yan uwansa, gama yabon gwani ya zama dole. Abu mafi wuya shi ne na ƙarshe: ya iya duban idon wanda bai yi ba, ko ɗan garinsu ne, ya rubuta cewa bai yi ba. Shugaban da ya ba malalaci makin gwani bai taimaki malalacin ba, gwanin ya zalunta, kuma shekara mai zuwa zai wayi gari da malalata biyu.

Su ma shugabannin ƙwadago akwai nasu rabon. Duk sa'ad da aka zauna teburin ciniki adadi kaɗai ake ja-in-ja a kai. Da za su riƙa haɗawa da neman kayan aiki, da horo, da ƙarin girma bisa shaidar da kowa zai iya gani, da sun kare mambobinsu daga irin guguwar 1975, domin ma'aikacin da ke da rubutacciyar shaidar abin da ya gama shekara biyar a jere ba a korarsa da takardar ƙara mara sa hannu. Ma'aikaci kuma ya tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tsohuwar da ta zo karɓar fanshon mijinta aka ce ta dawo gobe sau goma, da manomin da takardar filinsa ta ɓace a ofis, da yaron da ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba, babu ɗayansu da aka taɓa biya ariyas, alhali kuwa da sunansu ake fitar da albashin.

Cif Jerome Udoji ya rasu a 2010, sunansa na yawo a bakin mutane da ma'anar da ba ita ya yi shekara biyu yana wahala a kai ba. Ɗaliban da ke haddace shawarwarinsa don cin jarrabawa su ne za su zauna a kujerun shugabancin ma'aikatu nan da 'yan shekaru. Ranar da ɗayansu ya sami kansa da mutum biyar a ƙarƙashinsa, ya kira su ya tambaye su abin da za su gama kafin shekara ta zagayo da abin da suke bukata daga gare shi, a ranar ce za a fara biyan ariyas ɗin da jama'ar ƙasar nan ke bi tun 1974. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba ma'aikata ikon cin halaliyarsu.